Kwandalar da Ke Shiga Tanderu

Duk wanda ya san Obrad Tanasic a garin Valyevo da abu biyu ya san shi: farar safar hannun da ba ta barin aljihun kwat ɗinsa, da kuma cewa bai taɓa samun kwandala a cikin burodin Kirsimeti ba. Na farkon shi ya zaɓa wa kansa. Na biyun kuwa mutanen gari ne suka adana masa, suna fito da shi duk ranar da suka ga ya fara jin kansa.

Marini ne. Ya shiga ɗakin rinin masaƙa yana saurayi, ya fito da furfura da farce masu shuɗin da sabulu ya gaji ya ƙyale. Ido ne da shi na ban haushi. A shimfiɗa masa yadi biyu da kowa zai rantse launinsu ɗaya, sai ya nuna guda ya ce wannan ranar da ake ruwa aka rina shi. Matarsa Zorka ta daina tambayarsa ko riga ta yi mata kyau tun shekararsu ta farko, domin maimakon ya dube ta, rigar yake duba, ya ce jan ya ɗan karkata zuwa ruwan goro.

Kwandala ta shigo rayuwarsa ne a shekarar da kuɗi suka haukace, lokacin da ake biyan albashi da safe, kafin la'asar ba ya sayen ƙwai, aka kuma buga takardar kuɗi mai sifili har goma sha ɗaya. Zorka ta aike shi kasuwa da galan ɗin man girki ya musanyo gari. Ya tarar da wani dattijo ya baza tarkace a kan bargo, a ciki har da tsohuwar kwandalar azurfa wadda gefenta ya yi shuɗi kamar an tsoma ta a baba. Obrad ya tsuguna, bai miƙe ba sai da galan ya koma hannun dattijon. Da ya dawo gida ba mai ba gari, Zorka ta ɗora kwandalar a faranti, ta ajiye masa cokali a gefe, ta ce ya ci da zafinta.

Tun daga nan ya kamu. Azurfa idan ta daɗe a ajiye ba hannun da ya taɓa ta, iska da takarda ko ƙyallen da aka naɗe ta a ciki sukan yi mata aiki a hankali, ta fara da ruwan zuma, ta shiga ja, ta gangara shuɗi, wani lokaci har kore. Masu tara kwandala suna da sunayensu na ƙasashen waje, shi kuwa rini kawai yake ce masa. Bai tara da yawa ba, aljihun marini bai kai nan ba. Amma 'yan kaɗan ɗin da ke cikin akwatinsa ba wadda za ka kalla ba ka yi shiru ba, kuma ba wadda fatar yatsansa ta taɓa hawa fuskarta.

Duk Lahadi da hantsi suna haɗuwa a ɗakin baya na wani gidan gahawa kusa da kogi, su tsofaffin da ke wannan cuta. Kujerar da ke damansa ta Budimir ce, likitan haƙori mai ritaya, kuma kum ɗinsa, wato wanda ya tsaya masa ranar aure. Kum ba a zaginsa, ba a faɗa da shi, don haka suka shekara arba'in suna tsokanar juna a madadin haka. Budimir mutumin lamba ne. Yakan kai kwandalolinsa ƙasar waje wajen masu tantancewa, su duba, su ba da maki daga ɗaya zuwa saba'in, su rufe kowace a gidan roba da ba ya buɗuwa sai an fasa. Maki ɗaya kacal kan raba kwandalar da za ta sayi keke a gwanjo da wadda za ta sayi mota, kuma Budimir ya haddace irin wannan kamar addu'ar safe.

"Kum, ka kawo mana fursunoninka?" in ji Obrad duk ranar da ya ga ya fito da robobinsa.

"Na kawo. Kai kuma ka kawo 'yan matanka masu kwalliya?"

Abu ɗaya ne ya haɗa su ba gardama: ƙin masu rinin ƙarya. Akwai 'yan kasuwar da ba su da haƙurin jiran shekaru, sai su cusa kwandala a cikin dankali su gasa, ko su rufe ta da dafaffen ƙwai a kwalba, kafin gobe ta yi bakan gizo. Irin wannan masu tantancewa ba sa ba ta maki, Obrad kuma ba ya ba ta gaisuwa. Wani ya taɓa kawo irinta teburin yana ta yabo. Obrad ya sa safar hannu, ya ɗaga ta, ya kai hanci, ya tambayi mutumin cikin ladabi, "Da man shanu aka ci dankalin, ko da gishiri kawai?"

To, sai batun burodi. Kirsimeti a ƙauye suke yi, gidan surukarsa tsohuwa Stamena. Ita ke kwaɓa cesnitsa, wato burodin Kirsimeti, da asuba, ta cusa kwandalar gidan a cikin ƙullun, naɗe da takarda mai kauri, ta sa a tanderu. Lokacin cin abinci kowa ya kama gefen burodin, a juya shi ana addu'a, a ɓalla tare, wanda kwandala ta faɗo a rabonsa shi ne mai sa'ar shekara. Wanda ya samu ba ya ma warware takardar. Tsohuwa kan miƙo hannu ta fanshe ta da tuffa da safa sabuwa, ta mayar da ita maɓoyarta. Obrad ya roƙe ta sau ba adadi ta bar shi ya leƙa.

"Kai da ke ɗaure kuɗi a akwati? Wannan tawa aiki take yi," in ji ta. "Ci burodinka."

Ya ci burodinsa shekara da shekaru. 'Yarsu Yasna ta samu, har sau uku. Zorka ta samu. Budimir ma, da suka fara tafiya da shi bayan rasuwar matarsa, zuwansa na farko ya samu. Obrad kuwa ko da yaushe burodi zalla, har 'yan teburin Lahadi suka ce kwandalar ce ke jin ƙanshin safar hannunsa tana gudu ɗaya gefen.

Da tsohuwa ta rasu a ƙarshen damina, Zorka ta kwaso 'yan kayanta zuwa gari. A ciki akwai jar safar ulu ta jarirai, wadda ta zauna bayan hoton waliyyin gidan, kusa da fitilar mai, da busasshiyar ɗoɗɗoya a cikinta. Zorka ta zazzage ta a kan teburin kicin don ta canja takardar da ta tsufa. Obrad yana shan gahawa. Kofin ya tsaya a hanya tsakanin tebur da bakinsa.

Kwandalar dinari biyu ce a kuɗin ƙasar, ta azurfa, ta zamanin sarakuna, wadda aka ba kakar Zorka sabuwa fil ranar aurenta, ba ta taɓa shiga kasuwa ba. Tsakiyarta ruwan zuma, daga nan ja mai duhu irin na cikin rumman, gefen kuma, gefen ya ga kamar shuɗi ne, shuɗin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana nema a tukunyar rini bai samu ba.

Kamar shuɗi ne. Nan matsalar take. Shekara biyu ke nan da yanar ido ta kama shi, kuma abin da ta fara ɗauke masa shuɗi ne. Duniya ta koma masa launin ruwan shayi. Likita ya sa masa ranar aiki a ƙarshen Janairu, ya ce ƙaramin abu ne. Obrad ya ce i, ƙaramin abu ne, ya dawo gida ya kasa cin abinci. A teburin Lahadi ya koyi wayo: sai ya bari wani ya fara faɗin launi sannan ya gyaɗa kai kamar malami. Yanzu ga abin da ya fi komai kyau a gabansa, bai sani ba ko idonsa ne ya gani ko zuciyarsa ce ta ƙara.

"Zorka, wane launi ne a gefen nan?"

"Launin kwandala."

"Don Allah duba da kyau."

"Ta yi dauɗa dai. Da Mama ta bari da na goge ta da toka tuntuni."

Obrad ya dafe ƙirji ya zauna sosai. Da numfashinsa ya dawo ya ce yana so ya ba Budimir ita ya kai wa masu tantancewa. Ba sayarwa zai yi ba. So yake mutanen da ba su san shi ba, ba sa tausayinsa, su duba su rubuta abin da suka gani.

"Su rufe ta a robar nan?"

"Don kariya."

"In sa roba a tanderu ke nan, tsoho? Mu ci burodi da warin ƙonannen bokiti?"

"Sai mu sa wata. Ina da..."

"Kana da 'yan kwalliya. Wannan ita ta san hanya." Ta naɗe ta a sabuwar takarda ta mayar cikin safa. Sai ta dube shi, ta ɗan daɗe tana dubansa. "Ka ji. Wanda ta faɗo wa, tasa ce har shekara. Idan ta faɗo maka, ba zan fanshe ta ba, ka yi yadda ka ga dama."

"Kin san ba ta taɓa faɗo mini ba."

"To ka ga ba ni da abin tsoro."

Ranar Lahadi ya ja Budimir gefe ya ba shi labari. Budimir ya saurara yana murza gashin baki, idonsa na ƙyalli.

"Tsaya, Kum. A ina ka ce take kwana?"

"Cikin safar ulu."

"Sannan sau ɗaya a shekara?"

Obrad ya kau da kai.

"Faɗi mana. Sau ɗaya a shekara ina take shiga?"

"Tanderu," in ji Obrad a hankali.

"Cikin ƙullu mai ƙwai. Ashe dankalin gidanku ya fi na kowa girma."

"Ba ɗaya ba ne. Masu dankali da niyya suke yi. Tsohuwar nan ba ta taɓa nufin rina komai ba, ko gashinta."

"Sai ka rubuta wa masu tantancewa haka, ka haɗa musu da hotonta. Wataƙila su ji tsoro su ba ka saba'in."

Obrad ya yi dariya, amma maganar ta bi shi gida. Ya kwana biyu yana shari'a da kansa, shi ne mai ƙara, shi ne mai kariya. Abin da aka yi sau ɗari ba da nufi ba, rinin Allah ne ko na mutum? Ya ƙare a kan cewa wannan ma ƙarin dalili ne na a kai ta a ji.

Kirsimeti ta zo da dusar ƙanƙara har gwiwa. Karo na farko ke nan da aka yi ta a gidansu, Zorka ce a matsayin uwarta. An baza karan alkama a ƙarƙashin tebur, ga gasasshen nama, ga kabeji naɗe da nikakken nama yana tururi. Yasna ta zo da mijinta, Budimir ya zo da sabon lakataye. Cesnitsa ta fito ja-ja-wur, an yi mata ado da ƙullu a sama: zangarniyar alkama, ganye, da ɗan tsuntsu a gefe guda.

Suka miƙe, kowa ya kama. Aka fara juyawa, Zorka na jan addu'a. Obrad bai sa rai ba, don haka bai rufe ido ba kamar yadda ya saba. Tsuntsun ya wuce shi sau ɗaya, ya wuce sau biyu. A na ukun addu'ar ta kusa ƙarewa tsuntsun yana gaban mijin Yasna, sai ya ji Zorka ta ja kalmar ƙarshe, ta ja ta, kamar mai tsallake kwata, har sai da tsuntsun ya iso tsakanin hannayensa. Sannan ta ce amin.

Ya ɓalla. Ga kusurwar takarda ta leƙo daga cikin farin burodi.

Aka yi shewa, Yasna ta sumbace shi a kumatu, Budimir ya ce a buga wa jarida. Shi kuwa Obrad yana tsaye yana lissafin da bai taɓa yi ba. Yasna ta samu shekarar da za ta yi babbar jarrabawa, da shekarar da ta yi ɓari, da shekarar da mijinta ya rasa aiki. Zorka ta samu shekarar da mahaifinta ya rasu. Budimir, shekarar da ya rasa matarsa. Kuma duk burodin tsohuwa Stamena da ya taɓa gani, akwai ɗan tsuntsu a gefensa.

Ya dubi matarsa. Tana yanka nama kamar wadda ba ta san an yi wani abu ba.

"Addu'ar yau ta yi tsawo," ya ce.

"Numfashina ne ya ƙaru. Zauna, abinci na hucewa."

"Wato duk shekarun nan..."

"Sa'a ce, tsoho. Kai dai ba ka da ita, sai bana."

Ya laluba aljihu don safar hannu, ya tuna tana cikin kwat a rataye. Ya warware takardar haka nan. Kwandalar ta zame ta kwanta a tsakiyar tafinsa, da ɗuminta kamar ƙwan da aka ɗauko daga ƙarƙashin kaza. Bai taɓa sanin azurfa na yin ɗumi ba. Budimir ya fito da gilashinsa na ƙara girma, ya karɓa ta gefe-gefe, ya duba gaba, ya duba baya, ya tsaya a wani wuri, ya ɗaga gira, sannan ya mayar masa.

"Akwai shuɗi, Kum. Sosai."

"Kai ko gawayi na nuna maka yanzu shuɗi za ka ce."

"Gaskiya ne," in ji Budimir, ya ja farantin kabeji gabansa.

Tafiyar Budimir wajen masu tantancewa ta faɗo ana jibi aikin idon. Zorka da kanta ta nemo masa ƙaramin akwati da auduga, wanda ya fi masa ciwo a kan ta yi faɗa. Ya raka kum ɗinsa tashar mota da akwatin a aljihun ƙirji. Direba na ɗora kaya, Budimir ya miƙo hannu.

Obrad ya sa hannu a aljihu, hannun ya ƙi fitowa. Ya san ana iya fasa robar daga baya. Ya kuma san kansa: idan lamba ta hau kanta, har ya mutu ba zai fasa ba. Baɗi Zorka za ta ja addu'a ta kai tsuntsu gaban wani, wanin ya ɓalla ya tarar da baƙuwar kwandala da ba ta san kowa a gidan ba. Shi kuma jibi zai kwanta a gadon likita aljihunsa wayam, alhali an ba shi abin riƙewa.

"Motar ba za ta jira shari'arka ba," in ji Budimir.

"Je ka. Tana da aiki jibi."

"Na sani. Don kar ka ce ban tambaya ba ne."

Kwandalar ta shiga asibiti a aljihun rigarsa, naɗe da takardarta. Washegari da aka cire masa bandeji, abin da ya fara gani rigar ma'aikaciyar jinya ce, shuɗiya har tana ɗaukar ido, ya kusa gaya mata rinin bai kama daidai a kafaɗa ba, Zorka ta taka masa ƙafa. Da suka isa gida ya zauna bakin taga, dusar ƙanƙara na maido haske, ya buɗe takardar.

Shuɗin na nan. Ya ma fi yadda ya zata, kuma bayansa akwai siririn kore da bai taɓa gani ba. Ya daɗe bai motsa ba. Sai kuma ya ga wani abu kusa da baki, ƙarƙashin kan sarkin: ɗan lotsawa, ƙarami, mai zurfi, irin wanda ke sa masu tantancewa su rufe littafin maki su ce a kawo ta gaba.

"Zorka, mene ne wannan?"

Ta leƙo ta kafaɗarsa. "Haƙorin Baba ne. Yana sabon ango, yunwa ta hana shi dubawa. Daga shekarar ne Mama ta fara sa takarda mai kauri."

Da Budimir ya dawo, Obrad ya tare shi tun daga ƙofar gidan gahawa. "Ka ga lotsawar nan tun ranar Kirsimeti."

"Haƙorin turmi ne na sama, ɓangaren hagu. Mutumin ya sha wuya."

"Ka kuma miƙo hannu a tasha."

"Da ka ba ni da na kai ta yawo ta ga duniya, in dawo in ce layi ya yi yawa."

Kwandalar ta shekara a aljihunsa. Ya nuna wa 'yan tebur, ya bar su suka yi ta gardamar rinin Allah ne ko na tanderu har bazara. Ana gobe Kirsimeti ya naɗe ta da kansa a sabuwar takarda ya ajiye kusa da kwanon ƙullu. Zorka ta fanshe ta da tuffa da safa, safar ma ruwan toka don kada ya sami abin cewa.

Da aka zo juyawa, ya bi tsuntsun da sabon idonsa. Ya zo gabansa, ya wuce ko waiwaye babu, ya je ya sauka wajen Budimir, wanda gwiwa ta fara hana shi hawa bene.

"Ka koma gidan jiya, Kum," in ji Budimir yana ɗaga takardar. "Burodi zalla."

Obrad ya juya rabonsa, ya duba ciki da kyau don tabbatarwa. Babu komai. Ya shafa masa man shanu mai kauri, ya cinye, ya ce a miƙo masa ƙari.